Malam Labbo Ya Taka Iyaka

Ranar Talata ta biyu bayan Babbar Sallah, da ƙarfe goma na safe, ina zaune a zauren gidana da ke Sabon Gari, a nan Gusau, sai ga ɗalibai uku daga makarantar koyon aikin lafiya, maza biyu da mace ɗaya, sun yi sallama. Malaminsu ne ya turo su, ya ce su zo su ji daga bakin tsohon da ya ƙare ƙarfinsa a sashen gashi. Na ba su tabarma, na ba su ruwa. Ba mu yi nisa ba, ɗaya daga cikin mazan, wanda ya bar takalminsa warwatse a bakin ƙofa, ya ce shi a ganinsa aikin gashi tausa ce kawai, kakarsa ma tana yi da man kaɗe, kuma ba ta taɓa shiga aji ba. Ban ba shi amsa a ranar ba, domin an koya mini cewa amsar da aka bayar cikin fushi ba ta da tsari. Ga ta nan a rubuce, gare shi da duk mai irin ra'ayinsa.

Da farko a gyara fahimta. Mutane suna kiranmu masu gashi domin abin da idonsu ya gani ke nan: tawul, ruwan ɗumi, da hannu a kan gaɓa. Wannan shi ne mafi ƙanƙantar aikin. Wanda ya sami shanyewar ɓarin jiki, hannunsa da ƙafarsa suna nan lafiya lau. Ɓarnar tana can cikin ƙwaƙwalwa, inda jini ya toshe ko ya fashe. Saboda haka ƙwaƙwalwa muke mayarwa makaranta, kuma ba ta da ƙofar da za a shigar mata da darasi sai ta hannu da ƙafa da baki. Wanda bai gane wannan ba, ya je ya taya kakarsa.

Mahaifina ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Ya sa ni makarantar mishan saboda ita ce kusa da gida, bisa sharaɗin cewa da yamma zan je makarantar allo, kuma na je. Duk da haka har yau sunan ɗan mishan bai bar ni ba, ko a sahun gaba na masallaci. A wannan makaranta hedimasta ba ya yarda a buɗe littafin lissafi sai mun share fili, mun yi fareti, mun zagaya da gudu har gumi ya keto. Yakan ce lissafi ba ya shiga jikin da bai farka ba. Mu kuwa mun ɗauka mugunta ce. Amma na lura da abu ɗaya tun ina yaro: ranar da ruwan sama ya hana fita fili, ranar ce aka fi gyangyaɗi a aji, kuma ranar ce bulala ta fi aiki. Ban san dalili ba sai da na girma.

Dalilin, Baba Bulus ne ya koya mini shi, a wani ƙaramin asibiti a Tsafe, inda na yi koyon aiki a ƙarƙashinsa. Gajeren mutum ne, mai farar riga da ba a taɓa ganin tabo a jikinta ba, kuma ban taɓa ganin hannu irin nasa ba. Shekarar farko bai bar ni na taɓa majinyaci ko ɗaya ba. Ina ninke tawul, ina dafa ruwa, ina ɗinka jakunkunan yashi. Ya taɓa sa ni na warware jaka na sake ɗinkawa domin ya ɗaga ta ya ji ta fi 'yar'uwarta nauyi, alhali ni na rantse daidai suke. Da aka ɗora a sikeli, shi ne da gaskiya. Ranar kasuwa kuwa sai ya zaunar da ni a bakin hanya, ya ce in kalli tafiyar mutane. Wata rana wani mai jaki ya wuce, ya tambaye ni abin da na gani, na ce mutumin yana ɗingishi. Ya ce ɗingishi ba amsa ba ce, ko makaho ya ji shi a ƙasa. Wace ƙafa? A lokacin ɗagawa ko a lokacin saukewa? Daga ƙugu ne ko daga idon sawu? Hannunsa yana lilo ko ya manne da ciki? Na bi mai jakin nan har bakin kasuwa ina kallonsa, har ya tsargu ya tambaye ni ko jakin nake so in saya.

Majinyacin farko da aka bar ni na tsaya a kansa wani tela ne, wanda hannun damansa ya mutu, maganarsa kuma ta sarƙe. Baba Bulus bai shafa masa komai ba. Ya zuba wake da dawa a faifai, ya gauraya, ya ce ya ware su da hannun da ya mutu. Telan ya yi kuka don takaici, Baba Bulus ya jira ya gama, ya sake tura masa faifan. Da yamma ya yi mini bayani. Ya ce in ɗauki ƙwaƙwalwa kamar gari mai hanyoyi. Idan ruwa ya cinye babbar hanya, mutane ba sa daina zuwa gona. Wani ya ratsa ta cikin ciyawa, wani ya bi sawunsa, kafin damina ta fita an sami sabuwar turba. Amma turba ba ta fitowa da fata ko da jira, sai da takawa, kuma wadda aka daina bi ciyawa ce ke cinye ta. Ya ƙara da cewa motsi yana kai jini sama, yana kawo barci mai kyau, yana wartsake hankali, shi ya sa hedimastana ya fi ni wayo. Telan nan ya koma kan kekensa, ko da yake bai sake saka zare a allura da kansa ba.

Kayan aikinmu ba su da kwarjini, shi ya sa ake raina su. Gora biyu da ake kafawa a jere daidai ƙugun mutum, ya shiga tsakani ya riƙe ya koyi tsayuwa. Jakunkunan yashi, da ake ɗagawa don ƙarfafa gaɓa. Igiya da ake ratayawa a reshen dogon yaro, hannu mai lafiya ya ja mara lafiya sama. Madubi, domin wanda ɓarinsa ya shanye yakan karkace bai sani ba, sai ya gani da idonsa. Faifai, carbi, kofi mai mariƙi. Sai abin awon jini, wanda shi ne shugabansu: ban taɓa tsayar da mutum ba sai na auna shi, kuma ban taɓa fara aiki a kan kowa ba sai likita ya gani ya ba da izini. Duk wanda ya ce muku motsa jiki ya maye gurbin maganin hawan jini, ku kore shi daga ɗakin. Kuma ba kowa ke tashi ba. Akwai waɗanda ɓarnar ta yi yawa, iyakar abin da za a yi musu shi ne a hana gaɓoɓi sandarewa da jiki yin gyambo, kuma wannan ma aiki ne da ake yi da cikakkiyar kula.

Masu zuwa wurinmu iri-iri ne. Da yawa ba sa zuwa sai sun zagaya wurin mai rubutu da mai saiwa. Ban taɓa faɗa da rubutu ba. Nakan ce a sha, amma a sha a zaune ba a kwance ba, kuma hannun da ya mutu ya taya riƙe ƙoƙon. Mafi wahalar sha'ani su ne masu hali, domin mota tana jiransu a ƙofa, yaro yana jiran ya ɗauki takalmi. Mafi daɗin aiki kuwa manoma ne da makiyaya, waɗanda zama ke yi musu ciwo fiye da cutar. Wani dattijon Bafulatani daga wajen Rawayya, tambayarsa ɗaya ce kullum: yaushe zai bi shanu? Ina ce masa ya yi sawu kaɗan ya huta, in juya baya in same shi a bakin ƙofar asibiti yana duban hanya.

Muguwar shekara a aikina ta zo ne bayan na yi ritaya, lokacin da hanyoyin ƙauyuka suka zama abin tsoro, mutum ya fita bai san ko zai dawo ba. Ina karɓar majinyata a gida a lokacin. Ɗaya bayan ɗaya suka daina zuwa. Ba wanda zai ɗauko tsoho a babur ya ratsa daji saboda a koya masa ware wake. Da abin ya ɗan lafa aka fara dawo da su, na ga abin da kwanciya ke yi wa ɗan Adam: gwiwar da na bari tana lanƙwasawa ta zama itace, mutumin da na bari yana gaisuwa da sunana ya dawo yana kallona kamar bango. Ba sabuwar cuta ce ta same su ba. Tabarma ce.

A ƙarshen wannan shekarar ne Alhaji Sanusi, wani mai sayar da hatsi a Gusau, ya zo ya ɗauke ni zuwa garinsu, Furfuri, ta ƙasar Bunguɗu, in duba mahaifinsa, Malam Labbo. Tsohon ya faɗi ne a gona lokacin kaka. An kwantar da shi a asibiti, an sallame shi da magani, an ce a riƙa kawo shi gashi, hanya ta hana. Ɓarin dama ya shanye, magana ta ɗauke.

Ban taɓa shiga ɗakin jinya mai tsabta kamar wannan ba. Sabuwar katifa, gidan sauro, turare. 'Ya'yansa maza shida suna karɓa-karɓa. Wannan ya ɗaga masa kai, wancan ya kai cokali baki, wani ya yi masa alwala. Da ya buɗe baki yana neman kalma, kafin ta fito mutum uku sun amsa: ruwa yake so, a juya shi yake so, zafi yake ji. Masu dubiya suna shigowa suna durƙusawa, kowa da abin da yake faɗa, kada ya wahalar da kansa. Amma idonsa yana bin kowa. Na aika aka kawo mini zangarniyar gero daga rumbu, na ɗaga ta a gabansa, na ce wa 'ya'yan da gangan, lallai dawar bana ta yi kyau. Girar tsohon ta haɗe, hannun hagu ya bugi katifa. Daga nan na san mai gidan yana ciki, ƙofa ce aka rufe masa, kuma da ladabi aka rufe ta.

Na tara 'ya'yan a zaure na faɗa musu abin da za a yi: ya ɗauki kofi da kansa ko zai zubar, a bar shi ya yi kokawa da kalma har ta fito, a zaunar da shi, sannan a tsayar da shi. Alhaji Sanusi ya sunkuyar da kai ya ce, “Malam, mu shida ya haifa. Mi za a ce da mu garin ga, in an ga Baba yana jan ƙafa zuwa bayi, mu muna zaune muna kallo?” Na ce za a ce sun bi maganar mai aiki. Suka ce to. Hanya ba ta barin in zo sai jefi-jefi, da rana tsaka. Da na dawo, na tarar an ƙara masa matashi, cokali yana hannun ƙaramin ɗansa. Ban iya zaginsu ba, domin tarbiyyar da ake nema a wurin ɗa ita ce suke yi. Sai dai ita ce za ta binne ubansu da ransa.

Ina cikin ɗakin ina tunanin mafita, sai wata tsohuwa ta shigo da ƙwaryar daddawa a kai, ba ta rage murya ba, ba ta durƙusa ba. Ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, “Ina bawan nan nawa? Har yanzu kwance kake kamar mai jego? To ina jaririn, a ba ni in gani.” 'Ya'yan suka dubi ƙasa suna danne dariya. Fuskar Malam Labbo ta motsa, har ɓarin da ya shanye ya ɗan ja. Ya lalubo mafici da hagu ya jefe ta, wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa. Wannan ne motsi na farko da na ga ya yi don kansa.

A waje na tambayi Alhaji Sanusi ko wace ce. Ya ce Inna Kulu ce, 'yar kawun mahaifinsu, wato taubashiyarsa. Tun suna yara take kiransa bawanta, kuma a duk garin ita kaɗai ke da ikon faɗa masa abin da ta ga dama. Ya ƙara da cewa kada in ɗauka zumunci ne kaɗai ke kawo ta kullum. Akwai rigimar iyaka tsakaninta da wani maƙwabcin gona mai suna Shehu, a kan wani yanki mai itatuwan ɗorawa uku. Mijinta marigayi da mahaifin Shehu marigayi sun yi wata yarjejeniya a kan wurin tun da daɗewa, a gaban shaidu uku. Biyu sun rasu, saura Malam Labbo. Mai unguwa ya hana kowa taɓa wurin, ya ce zai jira har zuwa faɗuwar ruwa. Idan babu shaida, Shehu zai rantse ya ɗauka duka. Ita kuwa da kalwar itatuwan nan take yin daddawar da take ci da jikokinta marayu.

Na sa aka kira ta. Na ce ina neman ma'aikaci a gidan nan, kuma ita na zaɓa. Ta ce, “Ɗan mishan, ni ko bakin boko ban sani ba.” Na ce ba boko nake nema ba, wanda ba ya jin kunyar Malam Labbo nake nema. Na shimfiɗa mata ƙa'idoji. Ba za ta taɓa shi ba, 'ya'yansa ne za su riƙe, kuma mai riƙo ya tsaya ta ɓarin da ya shanye. Ita ce mai ba da umarni. Ba wanda zai amsa magana a madadinsa. Ta ƙarshe kuma, ba za ta ambaci gona ko ɗorawa a gabansa ba, ko da wasa, domin shaidar da aka ɗura wa mutum ba shaida ba ce. Ta ce ta ji. Na binciki mutanen gidan daga baya, kowa ya tabbatar mini ba ta karya ba ko sau ɗaya.

Washegari, aka ce mini, ta zo da karan dawa. Duk ɗan da ya miƙa hannu zai ɗauki buta ko cokali, sai ta sauke masa a bayan hannu, har da Alhaji Sanusi mai furfura a gemu. Su kuwa sun sami mafaka: in an tambaye su a gari, sai su ce Inna Kulu ce, wa zai iya da ita? Muka kafa gora biyu a tsakar gida. Na koya mata matakan aikin ɗaya bayan ɗaya, kuma ban taɓa samun ɗalibin da ya riƙe tsari kamarta ba: zama a bakin gado, tsayuwa, jingina nauyi a ƙafar dama, sannan sawu. Maimakon wake da dawa, sai ta kawo masa kalwa da tsakuwa a faifai, ta ce bawa ba ya cin abinci a banza. Ita ce kuma ta lura da abin da na sani amma ban faɗa mata ba, cewa bakinsa ya fi sakuwa idan ƙafarsa tana tafiya. Sai ta riƙa ja masa gajerun surori yana takawa tsakanin gora, tana yin kuskure da gangan a ƙarshen aya, shi kuwa ya tsaya yana huci har sai ya fito da daidai.

Kalmar farko da ya faɗa cikakkiya, ba da karatu ba, ina wurin. An kawo masa goro fari, ta ɗauke daga gabansa ta ɓare ta jefa a baki tana kallonsa. Ya yi ta motsa leɓe, ɗaya daga cikin 'ya'yan ya buɗe baki zai taimaka, kara ya sauka. Can sai muka ji, a rarrabe amma sarai: “Ɓarauniya.” Ta ci gaba da taunarta ta ce, “To, madalla. Jaki ya yi kuka, gari ya waye.”

Ba a tafi haka sumul ba. Wata rana ya faɗi a tsakar gida, girarsa ta fashe. Da na zo na bincika, na gane mai riƙon ya tsaya ta ɓarin hagu ne, inda ba a bukatarsa. Na auna jini, na duba ƙugu da kafaɗa, babu karaya. Amma Alhaji Sanusi ya ga jinin ubansa a ƙasa, kuma ba na ganin laifinsa. Ya ce Inna Kulu gonarta take nema da ran mahaifinsu, kada ta ƙara shigo musu gida. Ni ma ya gode mini cikin ladabi irin na sallama. Aka cire gora, aka mayar da tsoho katifa. Abin da ya biyo baya matar Malam Labbo ce ta ba ni labari. Malam Labbo ya rufe baki ya ƙi cokali. Aka yi lallashi, aka kawo limami, ya ƙi. Rannan da hantsi aka same shi ya ja jiki ya dafa bango ya kai bakin ƙofar ɗaki, yana nuna ramukan da aka cire gora, yana maimaita suna ɗaya: Kulu. Alhaji Sanusi da kansa ya je gidanta. Ta sa shi ya jira a waje har ta gama tace kalwa.

Daga nan tafiya ta miƙe. Daga gora zuwa sanda, daga tsakar gida zuwa zaure, daga zaure zuwa masallaci. Barcinsa ya daidaita. Sunayen jikoki suka dawo, da na unguwanni, da na mutanen da suka daɗe da rasuwa. Maganar dai guntu-guntu ce, kuma idan aka zaunar da shi aka tsare shi da tambaya, sai ta cukurkuɗe.

Bazara ta yi nisa, ɗorawa ta nuna tana reto ba mai taɓawa, hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Mai unguwa ya sa rana, aka taru a zaurensa da safe, na zo na zauna a gefe. Aka zaunar da Malam Labbo a kan buzu, aka tambaye shi abin da ya sani. Ya fara, ya kira sunan mijin Inna Kulu a wurin na mahaifin Shehu, ya gyara, ya sake rikicewa, gumi ya rufe shi. Shehu, wanda ba mutumin banza ba ne, ya ce cikin girmamawa Baba ba shi da lafiya, kuma kowa ya san wadda ta yi watanni tana zaune a kansa. Duk abin da zai faɗa, abin da aka sa masa a baki ne. Mutane suka yi ta gyaɗa kai. Alhaji Sanusi ya tashi zai ɗauke ubansa kada a ƙara kunyata shi. Sai tsohon ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, “Gona.”

Mai unguwa ya dube ni. Na auna jininsa a gaban kowa, na ce zai iya, muddin a bar shi ya taka da ƙafarsa, kuma kada kowa ya yi masa tambaya. Mota ta kai mu bakin gonaki, daga nan aka sauka. Yana gaba, ɗansa yana dama da shi, jama'a suna biye. Da farko ba ya cewa komai, sai numfashi da ƙarar sanda. Da ya ɗan yi nisa sai baki ya buɗe da kansa. Ya nuna wani kwari ya ce nan rijiya take da. Ya nuna wani wuri ya ce nan aka ɗaure jakin mahaifin Shehu a ranar, kuma wannan karon bai rikita suna ba. Dattawan da ke bayansa suka fara cewa haka ne, haka ne.

Inna Kulu tana cewa iyakarta ta wuce itatuwan. Malam Labbo bai kai gare su ba ya tsaya, a kan wani tsohon suri da ya baje. Ya kafa sanda ya ce, “Nan. Daga nan, ƙasar Shehu. Ubanshi ya saya. Ina tsaye.” Na dubi Inna Kulu. Ta gyara lulluɓinta. Shehu ya buɗe baki zai yi godiya, tsohon ya ɗaga masa hannu, ya ci gaba da tafiya har gindin ɗorawar farko. Ya ɗago hannun dama, wanda aka ce ya mutu, ya ɗora a jikin itacen. “Ƙasa aka sayar. Itace ba a sayar ba. Mijinta ya ce, wanga na ɗiyana ne.”

Irin wannan ciniki sananne ne a ƙasarmu, a sayar da gona a riƙe itacen da ke cikinta. Shehu ya ce shi dai ya san mahaifinsa bai taɓa kai kalwar wurin gida ba, kuma bai taɓa tambayarsa dalili ba. Ya ce mutumin da ya ba shi ƙasa a gaban wadda ta yi jinyarsa, ba zai ƙaryata shi a kan itace ba. Mai unguwa ya sa aka kafa duwatsu, aka shafa fatiha.

A hanyar komawa Inna Kulu ta matso kusa da shi ta ce, “Ka ci amanata, bawa. Wata nawa ina kiwonka, ka tashi ka ba wani ƙasata?” Ya tsaya ya nemi kalmominsa, ba wanda ya taya shi, ya ce, “Ba taki ba ce.” Ta ce to, tunda bakin ya buɗe har ya yi mata tsada, ba zai shiga mota ba, da ƙafa zai koma gida. Na ce nisan ya yi yawa, rabi ya isa. A rabin aka tsaya.

Shehu ya shuka gero a yankin a daminar da ta biyo baya. Inna Kulu ta kaɗe ɗorawarta kafin ruwa ya sauka, kuma tana kaɗewa duk bazara. Malam Labbo yana nan da ransa, yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Hannun damansa bai koma riƙe fartanya ba.